Rairayin Binuwai: Tarihin Gaɓar Jimeta da Batun Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci shaƙatawa a bakin ruwa, hankalinmu kan tafi garuruwan gaɓar teku, irin su Kiribi ta ƙasar Kamaru, wadda a zamanin Jamusawa tashar fitar da roba da hauren giwa ce, daga baya farin rairayinta ya mayar da ita matattarar baƙi. Mu a nan Adamawa ba mu da teku, amma Allah ya hore mana Binuwai, kogi mai tsawon kimanin kilomita 1,400, wanda kowace shekara idan rani ya kama yakan janye ya bar shimfiɗar rairayi a gaban Jimeta. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wannan gaɓa, domin mu san abin da ta kasance kafin mu tsai da shawarar abin da za ta zama.

Kogi Ƙofar Fombina

A shekarar 1841 Modibbo Adama ya kafa Yola a kan tudu, nesa kaɗan da fadamar kogi, sunan garin ma daga kalmar Fulatanci “yolde” ya samo asali, wato jigawa. Shekara goma bayan haka, a 1851, Bajamushe Heinrich Barth ya haye mahaɗar Binuwai da Faro ya iso Yola, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan ’yan kwanaki. Labarin kogin da ya aika Turai shi ya sa Ingilishi suka turo jirgin ruwa mai suna Pleiad a 1854 a ƙarƙashin Dokta Baikie. Jirgin bai kai Yola ba, sai dai ya tabbatar musu cewa hanya a buɗe take.

Daga nan ’yan kasuwa suka biyo sawu. Kamfanin Royal Niger ya yi ciniki a wannan gaɓa, kuma Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau gadon sarauta a 1890, bai taɓa sakin jiki da su ba, har ya kai ga hada-hadarsu ta koma cikin wani tsohon jirgi da ke ɗaure a kan ruwa. Zarginsa bai faɗi ƙasa banza ba. A watan Satumba na 1901, lokacin da kogi ya cika ya batse, sojojin Kanar Morland suka iso cikin jiragen ruwa suka ci Yola da yaƙi. Ruwan da ya kawo gishiri da tufafi shi ne ya kawo igwa.

Jimeta Tashar Jiragen Ruwa

A zamanin mulkin mallaka ne Jimeta ta bunƙasa, saboda ita ke bakin ruwa. Daga Yuli zuwa Oktoba jiragen kamfanoni irin su John Holt da UAC kan iso da gishiri da siminti da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu, wasu kuma su wuce har Garwa. Wannan ciniki ya jawo Hausawa da Barebari da Nufawa da mutanen Kudu, suka tarar da Bata da Fulani, gari ya zama na kowa da kowa. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar jiragen, manyan motoci suka karɓe dakon kaya, kuma ko da Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, gari ya riga ya juya wa kogi baya ya fuskanci kwalta.

Madatsar Lagdo da Tabkin Njuwa

A 1982 Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai. Tun daga lokacin, cikar kogi da janyewarsa ba su dogara ga damina kaɗai ba. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore domin tare rarar ruwan ta daɗe a kan takarda, ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa sun nuna mana tsadar wannan jinkiri. A gefe guda, Tabkin Njuwa, inda masunta daga Rugange da Njoboliyo da maƙwabtansu kan taru domin bikin su na shekara, yashi da laka sun cike mafi yawansa, har bikin ya yi shekaru ba a gudanar da shi ba. Wato abin da ya fi jawo mana baƙi a bakin ruwa mun bar shi ya ƙafe muna kallo.

Kammalawa

A yau matasa kan sauka rairayin da ke kusa da gadar Jimeta a ranakun bukukuwa, ga duwatsun Bagale a tsallake, ga masu kwale-kwale da masu ɗibar yashi da manoman rani kowa na neman abincinsa. Rairayinmu na aro ne, kogi ke bayarwa da rani ya karɓe da damina, don haka wanda ya zuba siminti a kansa ya yi asara. Abin da za mu iya shi ne bikin rani mai tsayayyen lokaci, da rumfunan da ake kwashewa, da masu ceto daga cikin masunta, da alamomi a wuraren da jirage suka taɓa tsayawa. Ɗalibanmu kuma su ɗauki rakoda su nemi tsofaffin leburorin kwata da masuntan Njuwa tun suna raye, su naɗi waƙoƙinsu da labaransu, domin baƙon da ya zo kallon yashi ya tarar da mai ba shi tarihinsa.