Kalmar "Firm": Daga Sa Hannu Zuwa Kamfani

Duk wanda ya yi ɗan karatun boko ya ci karo da kalmar Ingilishi "firm" a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. Ana cewa ƙasa ta yi "firm" idan ta yi tauri, ana cewa shugaba "firm" ne idan ba ya lanƙwasuwa. Sai kuma mu ga an rubuta "law firm" a allon ofishin lauyoyi. Me ya haɗa tauri da kamfani?

Asalin kalmar Latin ne, "firmus", wato abin da ya kafu daram. Ta shiga Ingilishi ta hannun Faransanci a ƙarni na 14, ana rubuta ta "ferme", daga baya masana suka gyara rubutunta don ya dace da na Latin. Daga wannan tushe aka samu aikatau "firmare", ƙarfafa abu ko tabbatar da shi. A Italiya da Sifen, tabbatar da takarda yana nufin mutum ya sa mata hannu, shi ya sa har yau "firma" a harsunansu take nufin sa hannu. 'Yan kasuwa kuwa da sunan gidan cinikinsu suke sa hannu a takardun bashi da na yarjejeniya. A hankali sunan da ake sa hannun da shi ya zama shi ne "firm", kuma wajen tsakiyar ƙarni na 18 Turawan Ingila suka fara kiran gidan cinikin kansa da haka. A 1937 masanin tattalin arziki Ronald Coase ya yi amfani da ita a kanun shahararriyar maƙalarsa, "The Nature of the Firm", inda ya binciki dalilin da ya sa mutane suke kafa kamfani.

Kalmar tana da dangi da yawa. "Farm", gona, ta fito ne daga "firma" ta Latin ɗin tsakiyar zamani, wato ƙayyadadden kuɗin haya da ba ya hawa ba ya sauka. Da farko kuɗin ake kira haka, sai sunan ya koma kan filin da ake biya wa hayar. "Firmament", sararin samaniya, ta zo daga fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, inda aka ɗauki sama kamar rufi mai ƙarfi. "Infirm" shi ne wanda ƙarfinsa ya gaza, daga nan aka samu "infirmary", ɗakin jinya. A 1967 Ascher Opler ya ƙirƙiro "firmware" don manhajar da ke manne a cikin na'ura, wadda take tsakanin ƙarfen kwamfuta da manhajar da ake sauyawa kullum. Tana nan cikin wayar da muke riƙe da ita.

Mu ma muna da irin wannan tafiya a harshenmu. "Tabbata" ta samo asali daga Larabci "thabata", tsayawa daram, kuma da ita muke tabbatar da magana, da shaida, da ciniki. Daga tsayuwar abu a ƙasa muka kai ta ga tsayuwar mutum a kan alkawarinsa, kamar dai yadda Turawa suka yi da tasu.

Abin lura shi ne, a tarihin kalmar nan kamfani ya fara ne da sunan da mutum ya sa a takarda ya ɗauki nauyin abin da ke cikinta. Yau idan za mu tura kuɗi ta waya ko mu karɓi bashi ta manhaja, maɓallin ƙarshe da muke dannawa shi ne "confirm", ɗan gidan "firmare" ɗin nan. Da yawanmu muna danna shi ba tare da mun karanta sharuɗɗan ba, alhali dannawar tana iya ɗaure mu kamar yadda tawada take ɗaure ɗan kasuwar Italiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce.