Sulhun Kano da Katsina a Ƙarni na 17: Yadda Birane Maƙwabta Suka Koyi Zama Tare

1.0 Gabatarwa

Labarin Bayajida ya nuna garuruwan Hausa Bakwai a matsayin 'yan uwa waɗanda aka raba wa ayyuka. An ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuwa sarkin bayi. Wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa haɗin kai shi ne al'adar biranen tun asali. Amma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna akasin haka. Wannan maƙala za ta duba sulhun da aka ƙulla tsakanin Kano da Katsina a tsakiyar ƙarni na 17, domin a ga abin da ya haɗa su bayan zumuncin jini ya kasa. Shekarun sarautar da aka kawo a nan bisa lissafin Palmer suke.

2.0 Zamanin Gaba

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne yaƙi ya fara ɓarkewa tsakanin biranen biyu, aka shekara 11 ana gwabzawa ba tare da wani ya yi rinjaye ba. Daga nan gabar ta zama gado. An kara a zamanin Abdullahi ɗan Rumfa, da na Muhammadu Shashere, da na Muhammadu Zaki (1582-1618). Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya aika neman sulhu, Katsina ta ƙi.

Masana tarihi sun danganta wannan doguwar gaba da fatauci. Kowane birni yana son ya zama shi ne zangon ƙarshe na ayarin da ke ketare Sahara ta hanyar Agadas, domin inda ayari ya sauke kaya, can kuɗin fito da na kasuwa suke zuba. Sai dai kuma yaƙin kansa yana tsorata fataken da ake yinsa dominsu.

Abin ya kai maƙura a zamanin Sarki Kutumbi (1623-1648). Ya taɓa yi wa birnin Katsina zobe na wata 9 bai ci shi ba. Da ya koma karo na biyu, Katsinawa suka mamaye sansaninsa, rundunarsa ta watse, shi kuma ya rasu 'yan kwanaki bayan haka.

3.0 Ƙulla Sulhu

A zamanin Sarki Shekarau (1649-1651) aka yi sulhu. Tarihin Kano ya ambaci mutum uku da suka shiga tsakani: Shehu Ataman, da Malam Bawa, da Liman 'Yandoya. Abin lura shi ne dukkansu malamai ne, babu mai sarautar yaƙi a cikinsu. Haka kuma abin da aka ɗaure alkawarin da shi na addini ne, domin Shehu Ataman ya yi addu'ar kada Allah ya ba duk wanda ya fara ta da fitina nasara.

Ana iya gano dalilai uku da suka sa wannan yunƙuri ya ci nasara inda na Nazaki ya faskara. Na farko, ɓangarorin biyu sun gaji, kuma mutuwar Kutumbi ta tabbatar wa Kanawa cewa ganuwar Katsina ba ta ciwuwa. Na biyu, akwai barazanar Kwararrafa daga kudu, waɗanda tun zamanin Muhammadu Zaki suka kai wa Kano harin da ya sa mutanenta gudu zuwa Daura. Na uku, malamai sun riga sun zama rukuni mai faɗa a ji wanda ganuwa ba ta tsare shi. Wannan shi ne zamanin Ɗan Masani da Ɗan Marina a Katsina, lokacin da almajirai da littattafai ke kai da komo tsakanin birane ta hanyoyin da fatake ke bi.

4.0 Sakamako

Sulhun bai hana Kwararrafa dawowa ba, domin sun auka wa Kano a zamanin Kukuna, suka kuma shiga birnin a zamanin Dadi (1670-1703). Wato yarjejeniyar ta dakatar da yaƙi ne kawai, ba ta haifar da rundunar haɗin gwiwa ba. Duk da haka ta ɗore. Yaƙe-yaƙen da Kano ta yi a ƙarni na 18 da Zamfara da Gobir ta yi su, Katsina kuwa ta samu sararin bunƙasa a fagen ciniki da ilimi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Kano da Katsina sun shafe fiye da shekara 150 suna faɗa alhali harshensu ɗaya, labarin asalinsu ma ɗaya. Ba su daidaita ba sai da hasara ta ishe su, kuma aka sami masu shiga tsakani waɗanda kowace fada ke jin nauyinsu. Saboda haka ya kamata mai nazarin labarin Bayajida ya riƙa karanta shi tare da Tarihin Kano, domin rabon ayyukan da ke cikinsa ya fi kama da zaman da Hausawa suke fatan biranensu su yi da juna.