Maganin Kokwanto a Gefen Risala: Bayani Kan Hashiyar Cake

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, kafin mai karatu ya shiga babin rafkanwa, ina so in tsaya a kan ganye biyu da suka fi kowane ganye na wannan kundi baƙi da shafar hannu. Kundin kwafi ne na Risalar Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996 Miladiyya. Na gaje shi a gafakar kakana a Cake, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, a ƙasar Mayahi. Takardar irin mai tambarin wata uku ce, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Larabcin da baƙar tawada yake, hashiyar Hausa kuma da ƙaramin alƙalami, hannu biyu ne aƙalla. Hausarta ta yamma ce: inda Bakano zai ce faɗi, ita hwaɗi take cewa, tana kuma cewa zuciyat da sallat. Na bar su yadda na same su.

Mas'alar da ke ganyen sananniya ce ga duk wanda ya zauna a zaure. A mazhabar Maliku, shakka kan ko alwala ta warware tana warware ta, kuma wanda ya yi kokwanton raka'a uku ya yi ko huɗu sai ya ɗauki uku ya ciko. Wannan hukunci ne na mai lafiya. Amma an ware wani mutum da ake kira mustankihi, wanda masu sharhi suka ce shakka na zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a rana. Shi an ce ya kau da kai daga shakkar, kada ya gyara komai, ya yi ba'adi kawai. Mai hannu na farko ya fassara kalmar da "mai yawan kokwanto" ya wuce. Mai hannu na biyu shi ne ya cika gefen ganyen har ya juya takarda yana rubutu a kaikaice. Abin da ya tsaya a kai shi ne dalili: kokwanto irin wannan amsa ce abincinsa, duk wanda ya sake alwala don ya huta, gobe sau biyu zai sake. Daga nan ya fitar da hukuncin daga masallaci, ya kai shi gona da gida, kan mutumin da ke kwana yana lissafin abin da maƙwabci ke nufi da gaisuwarsa, da wanda tun ranar shuka ya gama ganin fari.

Wannan tsallake daga fiƙihu zuwa halin zuciya ba shi ya fara ba. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba Ihya'u kashi huɗu, na uku kan halaye masu halakarwa, na huɗu kan masu tserarwa. A littafin abubuwan mamakin zuciya ya bambanta tunanin da ke faɗo wa mutum ba da zaɓinsa ba, da karkata zuwa gare shi, da yanke hukunci a kansa, da ƙudurta shi. Biyun farko ba a kama bawa da su. Wanda bai taɓa fama da waswasi ba ba zai gane girman wannan rabo ba, domin rabin azabar mai waswasi ita ce tsammanin cewa zuwan tunanin kansa laifi ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taƙaita wannan ilimi ga jama'arsa a littattafai irin su Ulumul Mu'amala, inda jiji da kai da girman kai da hassada suke cikin abin da ya wajaba a wanke daga zuciya, kuma a jerinsa na munanan halaye har da munana zato ga Musulmi. Ƙaninsa Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, shi ma yana da Tahzibul Insani a kan wannan fanni.

A nan ne tarihin ƙasarmu ya ba ni mamaki. Maraɗi da Tasawa da Tsibiri mafaka ce ta waɗanda suka yaƙi Sakkwato. Da Birnin Katsina ya faɗi a 1807, an ruwaito cewa Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya a Ɗankama saboda baƙin cikin kaye. A nan aka naɗa Ɗankasawa, wanda ya yi shekaru yana gudun hijira ta Damagaram kafin Katsinawa su kafu a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi a Gawakuke, Mayaƙi ya kafa Tsibiri da sauran Gobirawa. Duk da wannan gaba, almajirai ba su daina tafiya Katsina da Kano da Zariya da rani ba, suna komowa da kwafi a gafaka. Sarakuna sun tare dawakin Sakkwato, amma karatun ya shigo ta ƙafar almajiri.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan tsoronsu na banza ne. A Yulin 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta iso ƙasar Tasawa, aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su a yankin Maijirgi. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta biyo baya. Wanda ya ga irin wannan, zaton sharri wayo ne a wurinsa. Shi ya sa nake ganin ƙimar mai hannu na biyu: bai ce wa mutane ba abin tsoro a duniya ba. Ya bar wa manomi rumbunsa da tanadinsa, ya raba tsakanin tunanin da ke ƙarewa da aiki da wanda ke komowa inda ya fara kamar jakin da aka ɗaure a turke. A ƙasar da bori ke da ƙarfi, har Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri ke shugabantarsa a fada, mai damuwa yana da inda za a kira masa sunan iskar da ta taɓa shi. Malamin nan bai ko ambaci bori ba. Shi ya ɗauki abin a matsayin sabo, sabo kuma da sabo ake cire shi.

Ni ma na sha wannan magani. Ina da shekara goma sha biyar na kai ga ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, a garin da mata ke jan ruwa daga rijiya mai zurfi, liman ya sallame ina nan ina wanke gwiwar hannu. Kakana bai yi mini wa'azi ba. Ya ba ni rabin buta, ya zauna yana kallo, da na gama ya karɓe ta. Na ce masa, Malam, ban tabbata na shafi kai ba. Ya ce in tashi in yi salla, in akwai laifi yana wuyansa. Kwanakin farko kamar ina salla a kan garwashi, kafin wata ya ƙare abin ya yi sanyi. Sai da na girma na karanta cewa a 1966 wani masani mai suna Victor Meyer a Landan ya bayyana magani mai kama da wannan ga masu ciwon maimaita wanka da dube-dube: a bar mutum da damuwarsa, a hana shi aikin da yake kashe ta da shi, har ta sauka da kanta. Ba ina cewa zaure ya maye gurbin asibiti ba. Wanda abin ya hana shi barci da abinci, ko ya fara tunanin rijiya, likita za a kai shi.

A wannan bugu na sa hashiyar hannu na farko a ƙarƙashin matani, ta hannu na biyu kuma a shafin da ke fuskantarsa, ajami a sama, boko a ƙasa. Layi uku na ƙarshen ganye na biyu gara ta ci su. Na bar gurbinsu da ɗigo, ban ciko da nawa ba.