Hoton biki a tsoffin gidajen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: al'adar da rashin tsaro ya sauya wa fasali

A ƙasashen Turai, musamman Ingila da Faransa, masu hali kan kama hayar tsohon gidan masu sarauta a karkara domin shagalin aure da ɗaukar hotuna. A kudancin Jihar Katsina ba hayar irin waɗannan gidaje ake yi ba, domin har gobe da masu su a ciki. Abin da ya fi kusa da su shi ne gidajen hakimai da dagatai da na tsoffin malamai da attajirai, inda ake ɗaura aure a zaure ko a ƙofar gida, sannan a jeru a ɗauki hoto. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan al'ada ta shiga wani hali tun da 'yan bindiga suka addabi yankin.

Gidajen da ake magana a kansu

Hakimin Ƙanƙara na riƙe da sarautar Sarkin Pauwan Katsina, na Faskari kuma Sarkin Yamman Katsina, dukkansu a ƙarƙashin Masarautar Katsina. A garuruwa irin waɗannan, ƙofar gidan hakimi ita ce dandalin gari: nan ake hawan salla, nan ake tarbar baƙi.

Ginin gargajiya na ƙasar Hausa da tubali ake yin sa, a rufe da azara, a shafe bango da makuba domin kare shi daga ruwan sama. Zankwayen da ke saman soro, da bakan gizon da ke tallafe da rufin zaure, da zanen dagi a goshin ƙofa, su ne ke ba hoto kwarjinin da zauren taro na zamani ba ya bayarwa. Sai dai ginin ƙasa na bukatar yaɓe a kai a kai, shi ya sa da yawa aka rushe su aka mayar na bulo da kwano. Sau tari, hoton wani tsohon biki ne kaɗai shaidar yadda gida yake a da.

Yadda aikin yake

Bikin Bahaushe ba na yini ɗaya ba ne. Akwai kamu da sa lalle, da ɗaurin aure, da walima, da kai amarya, da buɗar kai, kowanne da wurinsa da mutanensa. Ɗaurin aure taron maza ne, don haka mai hoto namiji ke ɗaukarsa. Cikin gida kuwa hurumin mata ne, kuma gidaje da dama ba sa barin baƙon namiji ya wuce zaure. Wannan ne ya sa ake bukatar mata masu ɗaukar hoto, ko kuma ƙawayen amarya su ɗauka da wayoyinsu.

Tsohon zaure na da duhu, tagoginsa ƙanana ne, ga fararen manyan riguna suna mayar da haske. Ƙwararru kan tsayar da ango kusa da bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe, su guji tsakar rana saboda inuwar da hula da rawani ke jefawa a fuska. Hantsi da bayan la'asar ne lokutan da jan bango ya fi fitowa. Kafin komai kuma sai an nemi izinin maigida ko wakilin hakimi, domin gidan ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Abin da rashin tsaro ya jawo

A ranar 9 ga Yuni, 2020, mahara suka kashe mutane da dama a Kadisau da ke Ƙaramar Hukumar Faskari. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka sace ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida.

A ƙarshen Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wuraren da matsalar ta fi ƙamari. Ga mai hoton da ke karɓar aiki ta waya, yana tura hotuna ta WhatsApp, wannan tamkar rufe masa shago ne.

Lamarin da ya fi taɓa harkar biki kai tsaye ya faru a farkon Fabrairun 2024, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar 'yan rakiyar amarya a Ƙaramar Hukumar Sabuwa, suka tafi da fiye da mutum 50, akasarinsu mata. Daga baya maharan suka fitar da bidiyon waɗanda suka kama domin matsa wa dangi lamba. Kyamarar da ya kamata ta adana farin cikin wannan rana, ita ce ta koma makamin neman kuɗin fansa.

Hoto a matsayin haɗari

A yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, hoton biki na iya bayyana abin da bai kamata ba: girman lefe, zinaren amarya, lambar mota, fuskar baƙon da ya zo daga birni, da tsarin ƙofofin gida. Saboda haka masu lura kan jinkirta wallafa hotuna a Facebook da TikTok har sai baƙi sun koma gida, su kuma guji sanar da rana da hanyar da za a bi da amarya. Masu hali kan mayar da shagalin zuwa Funtuwa ko birnin Katsina, inda hasumiyar Gobarau da ƙofar Gidan Korau ke cikin wuraren tarihi da aka fi ɗauka a hoto. Talaka kuwa sai dai ya rage taro, ya kai amarya da rana tsaka.

Doka ma na da abin cewa. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma hanin ya shafi ƙananan jiragen da ake ɗaukar bidiyon biki da su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ƙarfafa haƙƙin mutum a kan bayanansa, abin da ke nuna muhimmancin neman yardar ma'aurata kafin mai hoto ya yi tallar sana'arsa da fuskokinsu.

Inda aka kwana

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, sannan a 2025 aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari. Jama'a sun rabu a kan ko sulhun zai ɗore. Mazauna karkara dai na da nasu ma'aunin, wanda ba ya bukatar sanarwar gwamnati: ko dangi na nesa za su amsa gayyata, ko motar amarya za ta isa gidan miji lafiya, da kuma ko za a sake cika ƙofar gidan hakimi a tsaya a ɗauki hoto ba tare da waige-waige ba.