Zane Mai Yaɗuwa: Tarihin Alamun Siyasa a Kano Daga Tauraro Zuwa Jar Hula

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna yadda zane ke ɗaukar ra'ayi daga mutum zuwa mutum, kamar yadda ƙwayar cuta ke yaɗuwa cikin jama'a. Masana kiwon lafiya sun nuna cewa kafin cuta ta zama annoba sai an sami abubuwa uku, watau ƙwaya mai saurin hayayyafa, da mai ɗaukarta, da kuma jikin da ya shirya karɓarta. Da wannan ma'auni za mu dubi alamun siyasar Kano.

2.0 Tushe

Bahaushe bai jira zuwan jam'iyyu ba kafin ya san magana da zane. Dagi, da aska takwas, da tambari, sun daɗe a jikin babbar riga, magina kuma sun ɗora dagi a fuskar soraye. Saboda haka lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta riƙi dagi a matsayin tambarinta, ta tarar idon jama'a ya riga ya saba da shi.

3.0 Tauraro da Fartanya

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Alamarta tauraro ce, kirarinta Sawaba. Abokiyar hamayyarta NPC kuwa ta ɗauki fartanya, kirarinta Salama. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara yana da akwatinsa, an manna masa alamar jam'iyyarsa, mai zaɓe sai ya shiga ya jefa ƙuri'a a inda ya ga alamar da ya sani. Tun da yake yawancin masu zaɓe ba su yi karatun boko ba, alama ita ce sunan jam'iyya, ita ce kuma manufarta.

A nan ya kamata mu lura da sauƙin kwaikwayo. Yaro da gawayi zai iya zana tauraro a bangon zaure kafin a ƙifta ido. En'e tana iya hana izinin lacca, tana iya ɗaure mai lacca, amma bin kowane bango da kowace ƙofar shago ya fi ƙarfin dogarai. Fartanya kuma tana rataye a kafaɗar kowane manomi, saboda haka ita ma ba ta bukatar mai fassara.

4.0 Mabuɗi

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam Aminu Kano ya jagoranci PRP, alamarta mabuɗi. NPN ta zo da gida da masara. Dukkansu kayan da talaka ke taɓawa kullum ne, sai dai mabuɗi ya tarar da jikin da NEPU ta shekara da shekaru tana shiryawa. A zaɓen 1979, wanda matan Arewa suka shiga, PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau.

Daɗin daɗawa, ƙwayar cuta kan rikiɗe yayin da take yaɗuwa. A 1980 PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare yana cewa shi ne mai mabuɗi na ainihi. Zanen bai sauya ba, amma ƙofar da ake nufin buɗewa ta zama abin jayayya.

5.0 Titin Zariya

Wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, ya wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, zai ga sababbin masu ɗaukar zane. Babur mai ƙafa uku, wanda aka laƙaba wa suna A Daidaita Sahu tun zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau (2003-2011), ya zama bango mai tafiya, bayansa cike da hotunan shehunnai da 'yan siyasa da 'yan ƙwallo. Jar hula kuma, wadda mabiya Rabi'u Musa Kwankwaso suka yayata musamman bayan komawarsa mulki a 2011, suna cewa koyi ne da shigar Malam Aminu, ta sauko da alama daga bango ta ɗora ta a kan mutum kansa. Wayar hannu ta ƙara wa wannan yaɗuwa sauri, domin hoto ɗaya yana shiga dubban aljifai a dare guda.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa zanen da ya fi yaɗuwa shi ne mai sauƙin kwaikwayo, wanda ya fito daga kayan da jama'a suka sani, ya kuma tarar da ƙorafin da ke neman baki. Amma akwai abin tsoro. Alama ta fi ra'ayi saurin tafiya, har takan iso inda aka manta da dalilinta. 'Yan NEPU da suka sha ɗauri saboda tauraro sun san abin da suke nema game da haraji da jangali da shari'ar alkalai. Aikin da ke gaban malaman tarihi shi ne su tattara fastoci da bajoji da hotunan bango kafin damina ta wanke su, sa'an nan su koya wa ɗalibai tambayar kowace alama: me kike ɗauke da shi?