Tarihin kalmar "restraint": wa ke riƙe da igiyar?

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta, mu bi sawun wata kalmar Ingilishi da ke ba Sinawa masu koyon harshen wahala, wato "restraint". Kar ku ce ina ruwan Bahaushe, domin mai fassara zuwa Hausa ma a nan yake tuntuɓe.

Asalin kalmar daga Latinanci ne. "Stringere" na nufin ɗaurewa tamau, "restringere" kuma a ɗaure abu a ja shi baya. Daga nan ta gangara cikin tsohon Faransanci. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Aikatau "restrain" ya bayyana a ƙarni na 14, suna "restraint" ya biyo baya wajen farkon ƙarni na 15. "Strict" da "restrict" da "constrain" duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Da farko ma'anarta ta waje ce: wani ne ke riƙe wani. A shari'ar Ingila akwai "restraint of trade", wato tauye wa mutum damar yin sana'arsa, kuma wannan lafazi ya shiga dokar Sherman ta Amurka a 1890. A gidajen masu taɓin hankali kuwa kalmar na nufin sarƙa da mari da rigar ɗauri. Shi ya sa lokacin da likita John Conolly ya daina ɗaure majinyata a asibitin Hanwell a 1839, aka san tsarin da sunan "non-restraint". Har gobe wannan ma'ana tana nan, domin kujerar da ake ɗaure yaro a mota "child restraint" ake ce mata.

Amma a hankali igiyar ta koma ciki. Aka fara amfani da kalmar ga mutumin da ya danne fushinsa, ko marubucin da bai cika ƙawa a zancensa ba. Ka ga ke nan kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu: ɗaurin da aka yi maka, da wanda ka yi wa kanka.

To a nan ne Basine yake shiga ruɗu, domin harshensa ya raba kayan. Tun ƙamus ɗin Robert Morrison, wanda aka buga a Macau tsakanin 1815 da 1823, masu haɗa Ingilishi da Sinanci ke fama da kalmomin da ba su da takwara guda. Ga "restraint", ɗalibin yau zai tarar da aƙalla uku:

1. Yueshu: ɗaurin doka ko ƙa'ida. Abin sha'awa, harafin "shu" asalinsa hoton dami ne da aka ɗaure, kusan hoton da Latinanci ya zana.
2. Xianzhi: sa iyaka, wanda ya fi kusa da "restriction".
3. Kezhi: danne zuciya. "Ke" na nufin cin galaba, kuma batun mutum ya ci galabar kansa tsoho ne a koyarwar Confucius, wanda ya rasu a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ingilishi yana da 'yar alamar da ke nuna wadda ake nufi. In an ce "show restraint" ko "exercise restraint", babu jam'i, babu "a" a gabanta, to halin mutum ake nufi. In kuwa aka ce "restraints on trade", ga jam'i ga "on", to daga waje aka ƙaƙaba. Matsalar ita ce sunayen abubuwa a Sinanci ba sa sauya siffa don jam'i, kuma harshen ba shi da irin su "a" da "the", sai alamar ta wuce ɗalibi bai lura ba.

Akwai kuma "refrain" da ake rikita ta da "restrain". Ita daga "frenum" ta fito, wato linzami. "Restrain" na buƙatar karɓau, kamar yadda za ka ce ka hana wani. "Refrain" kuwa ba ta ɗaukar karɓau, kai ne ka janye da kanka.

Mu dawo gida. Hausa ma rabawa ta yi kamar Sinanci. Na waje muna da takunkumi da dabaibayi da takurawa, biyun farko daga wajen dabbobi muka aro su. Na ciki kuwa akwai kamun kai da kamewa da kai zuciya nesa. Ku lura da "kame": aikatau ne na aji na 4 daga "kama", bisa rabon da Parsons ya yi a 1960, ajin da ke nuna an yi abu gaba ɗaya.

Harsunan uku sun daɗe suna haɗuwa a ɗakin labarai, domin BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Sin kuma a 1963. Idan rikici ya tashi, kakakin ma'aikatar harkokin wajen Sin kan ce "baochi kezhi", Bature ya ce "exercise restraint", mu kuma mu ji a rediyo an yi kira ga ɓangarorin su kai zuciya nesa. Da mai fassara zai ɗauko ma'anar waje ya ce a sa musu takunkumi, ai ya mayar da lallashi barazana.

Saboda haka duk inda ka ci karo da kalmar, kafin ka buɗe ƙamus tambayi kanka: wa ke riƙe da igiyar, mai ita ko wani?

Aikin gida: ya za ku fassara "the police showed restraint" da "the police restrained him"? Muna jiran amsoshinku. Sai mun haɗu a darasi na gaba.