Mabuɗin da Ke Ƙirjin Kirista

A 1660 aka jefa John Bunyan, mai gyaran tukwane, cikin kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. Da ya yarda ya yi shiru, da an sake shi. Ya ƙi, ya shekara 12 a tsare, ga 'yarsa makauniya a gida.

A littafinsa, The Pilgrim's Progress, na 1678, za ka tarar da Kirista a kulle a gidan ƙato mai suna Fid da Tsammani, yana shan duka. Sai da ya kwana yana addu'a ya tuna mabuɗi na ƙirjinsa tun farko, sunansa Alkawari. Lura fa, wanda ya san kurkuku ne ya rubuta: ko da mabuɗin, ƙofar ƙarfen da ƙyar ta buɗu.